Ba Shiga: Abin da Finafinan 'Yan Sanda Suka Kasa Gani Game da Mace Mai Bincike

A Kankiya da Kusada, da garuruwan da ke kewaye da su kamar Rimaye da Kafin Soli da Yashe da Mawashi, akwai kalmomi biyu da ake yawan gani a jikin bangon zaure, wani lokaci da fenti, wani lokaci da gawayi: ba shiga. Ko inda ba a rubuta ba, kowa ya san dokar. Namiji baligi wanda ba muharrami ba iyakarsa zaure, ko mai unguwa ne, ko malamin asibiti, ko DPO da tauraro a kafaɗa. A bayan wannan bango ne matan aure suke, da 'yan mata, da yara ƙanana, da tsofaffin da suka san wanda ya shiga da wanda ya fita. Idan aka aikata laifi a irin wannan gari, kusan rabin waɗanda suka ga wani abu ko suka ji wani abu suna wurin da ɗan sanda namiji ba zai taka ba sai da hayaniya, kuma in ya taka da hayaniya ba wanda zai buɗe masa baki.

Duk marubucin da ya zauna zai tsara labarin binciken laifi da harshen Hausa, daga nan ya kamata ya fara. Ƙasar Hausa ta ba shi kyautar da marubutan Landan da Mumbai ba su samu ba, wato dalili mai ƙarfi, wanda kowane mai kallo zai fahimta nan take, na cewa mace ce kaɗai za ta iya warware wasu laifuffuka. Abin takaici shi ne masana'antar fim ta bar wannan kyauta a ƙasa tana tattakawa, ta tafi aron tufafin da ba su dace da jikinta ba.

Mai kallo a Kankiya yau ba ya rasa abin kallo. Tashar Arewa24 tana kan iska tun 2014, finafinai masu dogon zango sun cika YouTube, kuma a kowace kasuwa akwai shagon da ake tura fim a waya da kuɗi kaɗan, na Hausa da na Indiya mai fassara. Ta waɗannan hanyoyi 'yar sanda iri uku take isa gare shi. Dukkansu ukun suna da aibi, kuma aibin na uku ya fi muni domin shi ne na gida.

Ta farko: wadda aiki ya cinye

A 1991 gidan talabijin na ITV a Ingila ya fara nuna Prime Suspect, wanda Lynda La Plante ta rubuta, Helen Mirren ta fito a matsayin Jane Tennison, babbar jami'ar bincike da ke fama da masu kisa a waje da kuma abokan aikinta maza a cikin ofis. Shiri ne mai nauyi, kuma an gina shi a kan abin da wata jami'a ta gaske, Jackie Malton, ta gani a rundunar 'yan sandan Landan. Sai dai kafin a rufe shirin a 2006, Tennison ta zama mace mai kaɗaici, mai fama da giya. Daga nan wannan siffa ta zama tamkar ƙa'ida. Sarah Lund ta shirin Forbrydelsen na ƙasar Denmak, wanda ya fara a 2007, ta rasa wanda za ta aura, tsakaninta da ɗanta kuma ya yi tsami. A Mare of Easttown na 2021, Kate Winslet ta fito a matsayin jami'ar da aurenta ya mutu, ɗanta kuma ya kashe kansa.

Waɗannan shirye-shirye suna da inganci, kuma a ƙasashensu suna faɗin wata gaskiya game da abin da aiki ke yi wa mutum. Amma saƙo yana sauya launi idan ya sauya ƙasa. Uban da ke Kusada, wanda 'yarsa ta gama sakandare ta ce tana son aikin ɗan sanda, abin da zai ɗauka daga irin wannan labari guda ɗaya ne: macen da ta iya wannan aiki ba ta zaman aure. Labarin da aka rubuta don a tausaya wa mace mai aiki, a nan sai ya zama hujjar hana ta aikin.

Ta biyu: wadda ta zama namiji

Finafinan Indiya sun daɗe da zama 'yan gida a ƙasar Hausa, tun zamanin gidajen silima, kuma fassarar da kamfanoni irin su Algaita suke yi ta ƙara kusanto da su. A 2014 Rani Mukerji ta fito a Mardaani a matsayin Shivani Shivaji Roy, jami'ar da ke farautar masu safarar 'yan mata. Sunan fim ɗin kansa ya tona asirin tunanin da ke ƙarƙashinsa, domin kalmar tana nufin mace mai halin maza. Yabon da za a yi wa jaruma shi ne a ce ta yi kamar namiji: ta yi naushi, ta yi harbi, ta tumurmusa mugu a bainar jama'a.

Kallon wannan yana da daɗi, musamman ga wanda ya gaji da ganin azzalumi yana yawo a gari. Amma darasinsa guba ne. Yana koyar da cewa bincike shi ne duka, adalci kuma shi ne ramuwa. A ƙasar da zanga-zangar EndSARS ta 2020 ta taso saboda cin zalin 'yan sanda, ƙasar da ta yi dokar hana azabtarwa a 2017, ba a bukatar jarumar da za ta sa mari ya yi kyau don kawai hannun mace ne ya yi shi. Bayanin da aka karɓa da kulki yakan rushe a gaban alƙali, kuma idan ya rushe, mai laifi gida yake komawa.

Indiyar ma ta nuna akwai wata hanya. Delhi Crime, wanda ya fito a 2019 ya kuma ci lambar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2020, ya bi diddigin binciken fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin motar bas a Delhi a Disambar 2012. Shefali Shah ta fito a matsayin jami'ar da ta jagoranci aikin, an kuma ɗauko halinta daga jami'a ta gaske, Chhaya Sharma. Ƙarfinta a shirin shi ne raba aiki, da bin sawun mota, da tambayar shaidu, da hana barci ya ɗauke ta. Tana da miji, tana da 'ya. Wannan ce irin jarumar da ta cancanci aro, kuma ita ce ba a ara ba.

Ta uku: wadda aka ajiye don ado

A yawancin finafinan Hausa da 'yan sanda ke fitowa, idan an ga mace cikin kaki, to tana ɗaya daga cikin wurare uku. Ko tana zaune a kanta tana rubuta abin da ba wanda zai karanta, ko tana tsaye a bayan oga tana sara masa, ko kuma an kira ta ta riƙo hannun wata mata a tura ta mota. Idan marubuci ya ga dama ya ba ta magana, sai ya ba ta tsawa da rashin kunya, domin a tunaninsa mace ba ta sa kaki sai ta zubar da tarbiyya. Idan kuwa ya so ya girmama ta, sai ya tura ta ta yaudari mai laifi da kwalliya da kashe murya, daga bisani ta faɗa soyayyarsa. Wanda zai gano bakin zaren, ya haɗa hujja, ya faɗi kalmar ƙarshe, namiji ne.

Har a Kudu, inda Showmax ta fitar da Crime and Justice Lagos a 2022 da jami'an bincike biyu a gaba, macen 'yar Kudu ce, ɗan Arewan kuma, Danladi, namiji ne. Bahaushiya mai bincike, wadda ta san yadda ake sallama a tsakar gida da yadda ake zama a gefen tabarmar tsohuwa, har yanzu tana jiran wanda zai rubuta ta da gaske.

Doka ce ta fara rubuta wannan fim

Adalci ne a faɗi cewa marubutan fim ba su ƙirƙiro wannan ƙasƙanci ba. Sun gaje shi. An fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya a 1955. Dokokin aikin rundunar na 1968 sun zana musu iyaka dalla-dalla. Ƙa'ida ta 118 ta ce sai mara aure za a ɗauka. Ta 122 ta ware musu aikin akawu da amsa tarho da hidimar ofis. Ta 123 ta hana su atisaye da makami. Ta 124 ta wajabta wa 'yar sanda neman izinin kwamishina a rubuce kafin ta yi aure, tare da ba da sunan mijin a bincike shi. Ta 127 ta ce mara aure da ta yi ciki a sallame ta. Ba a ɗora wa namiji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma wannan katanga ta daɗe tana zubewa. A 2012 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke ƙa'idar neman izinin aure, a ƙarar da ƙungiyar WELA ta Funmi Falana ta shigar. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda. A Janairun 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta yanke cewa korar da aka yi wa wata 'yar sanda a Ekiti saboda ciki wariya ce, a 2024 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe ƙa'idar baki ɗaya. A Maris na 2022 Babban Sufeto Usman Alkali Baba ya amince mata su ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, abin da ya kawar da ɗaya daga cikin manyan dalilan da iyaye a Arewa ke kafawa. Tun kafin wannan, Farida Waziri, wadda ta kai muƙamin Mataimakiyar Babban Sufeto, ta shugabanci hukumar EFCC daga 2008 zuwa 2011.

Kotu ta matsa gaba, rundunar da aka sani da nauyin jiki ita ma ta ɗan motsa, amma kyamarar da ke iƙirarin wayar da kai tana nan a 1968. Abin ban dariya ma shi ne ko tsohuwar dokar ta fi fim adalci. Ƙa'ida ta 121 ta jera ayyukan 'yar sanda, kuma na farko a jerin shi ne binciken laifuffukan lalata da ake yi wa mata da yara, sai karɓar bayani daga mata da yara. Dokar da aka rubuta don a taƙaita mace ta yarda cewa ita mai bincike ce. Fim ya hana ta ko wannan.

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce ai fim nishaɗi ne, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne sa'o'i 72.

Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a wani ƙauye na Kusada tana da kwana uku kacal ta fara shan maganin da ke kare ta daga kamuwa da cutar ƙanjamau. Alamun da likita zai gani ya rubuta a rahoto suna ɓacewa da wanka da wucewar lokaci. Kafin ta isa Babban Asibitin Kankiya, sai wani ya fara jin maganarta. Uwa ce za ta fara sani, kuma uwa ce za ta auna: a je caji ofis a faɗi wannan magana a gaban maza a kan kanta, ko a rufa asiri a bar wa Allah? Idan an kai ƙara, fayil zai tashi daga ofishin yanki zuwa sashen binciken manyan laifuffuka a Katsina, daga nan zuwa Ma'aikatar Shari'a don shawarar lauyoyi, sannan Babbar Kotu. A duk tsawon wannan hanya dangi na matsa lamba, manya na neman sulhu, kuɗin mota na ƙarewa. Abin da ke riƙe shari'ar kada ta watse shi ne bayanin farko, wanda aka karɓa cikin natsuwa, da kalmomin yarinyar, ba tare da an tsorata ta ko an kunyata ta ba.

A Yunin 2020 Babban Sufeto na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai wa 'yan sanda ƙarar fyaɗe 717 tsakanin Janairu da Mayu na shekarar, a watan ne kuma gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wannan adadi na waɗanda suka iya zuwa ne. Jihar Katsina ta yi dokar kare yara, ta kuma karɓi dokar hana cin zarafin mutane. Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta ta shiga gida. Mutum ne ke kai ta, kuma a gidan da aka rubuta ba shiga, mutumin nan mace ce.

Uwar da ke wannan awo ba ta taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba. Duk abin da ta sani game da shi daga bakin maƙwabta ne da kuma allon waya. Idan abin da allon ya nuna mata shi ne mata masu tsawa da maza masu neman na goro, to fim ya riga ya yanke mata shawara. Haka ma uban da 'yarsa ke son cike takardar neman aikin. Ƙarancin mata a kaki yana sa marubuci ya ce ba ya ganinsu, rashin ganinsu a fim da mutunci kuma yana ƙara musu ƙaranci. Zagaye ne, kuma a cikin masu juya shi, mai kyamara ne ya fi sauƙin tsayawa.

Uzurori da amsarsu

Uzuri na farko shi ne kasuwa: wai masu kallo soyayya suke so. Kwana Casa'in ya ƙaryata wannan tun 2019. Shiri ne a kan siyasa da cin hanci da aikin jarida a jihar Alfawa da aka ƙirƙira, kuma jama'a sun bi shi zango bayan zango, har sunan Bawa Maikada ya shiga bakin mutane. Labarina kuma ya nuna cewa masu kallo za su bi mace ɗaya da damuwarta tsawon watanni. Mai kallon Hausa ba ya gudun labari mai nauyi. Ragon labari yake gudu.

Uzuri na biyu shi ne addini da al'ada. Wannan ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina ya karɓi shaidar mata biyu a al'amuran da maza ba sa gani, kamar haihuwa. A fadar sarakuna, jakadiya ce ke shiga inda dogari ba ya shiga. Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka su isa ga matan da ke cikin gida. Hukumar Hisbah a Kano tana da mata a cikin ma'aikatanta, kuma su ne ke zama da mata idan rigimar aure ta taso. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi cewa mace ce za ta caje mace, sai in lalura ta hana. Wanda ya yarda da kulle, ya fi kowa bukatar 'yar sanda, domin in babu ita, zaɓinsa biyu ne: namiji ya keta masa gida, ko laifi ya kwana a ciki.

Uzuri na uku ya fi sauran gaskiya: tsoron hukuma. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. A 2022 rundunar 'yan sanda ta gargaɗi masu fim da masu barkwanci a kan sa kakinta ba da izini ba. Jaruma mace kuma ta san abin da ya faru da Rahama Sadau a 2016, lokacin da MOPPAN ta kore ta saboda bidiyon waƙa, don haka tana taka-tsantsan da kowace rawa. Waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma hukumar da ke hana a ambaci ciwo ba ta taimaki mara lafiya ba. Sai dai labarin mai bincike ta gari ba ya bukatar a nuna laifin ana aikata shi. Yana farawa ne bayan an gama, daga tambaya ta farko. Ba rawa a ciki, ba rungumar kowa, ba jini. Mace ce da hijabi ko ɗankwali, da littafi da biro, tana sauraro. Da wuya a sami abin da almakashin tacewa zai kama a nan.

Jarumar da ake bin masana'antar bashi

Ga abin da ake nema. Sufeto ce a ofishin yanki na wani gari mai kama da Kankiya, a bakin titin Kano zuwa Katsina. Tana da miji da 'ya'ya, gidanta na da matsalolinsa irin na kowa, amma ba su ne labarin ba. Ta san cewa amarya ba ta magana a gaban uwar miji, don haka takan nemi a ba ta ruwa don a bar su su biyu. Ta san yarinya mai talla ta fi kowa sanin gidan da baƙo ya sauka. Ta san unguwarzoma da mai kitso da mai wankan gawa, ta san abin da kowacce ke gani. Tana fama da rashin man mota, da fayil ɗin da ya yi wata uku a Katsina, da ɗan siyasar da ya bugo waya, da oga mai son a kashe magana. Takan yi kuskure. Wani lokaci mai laifi ya kuɓuce mata. Ba ta marin kowa, kuma idan abokin aikinta ya ɗaga hannu, takan tuna masa cewa lauya zai yi amfani da wannan marin ya wanke wanda ake tuhuma.

Rubuta irin wannan mace yana bukatar aiki. Sai marubuci ya je ya zauna da matan da suka yi ritaya daga rundunar, da ma'aikatan jinya, da lauyoyin gwamnati, ya koyi yadda ake karɓar bayani da yadda fayil ke tafiya, kamar yadda La Plante ta yi kafin ta rubuta Tennison. Sai tashoshi irin su Arewa24 da furodusoshin YouTube su sa kuɗi a binciken labari kamar yadda suke sawa a hayar gidaje da motoci. Ita ma rundunar, in tana son mata su shigo, ta buɗe wa marubuta ƙofa maimakon ta tsaya gadin kaki.

Akwai mata a Jihar Katsina da ke wannan aiki yanzu haka, da albashi ƙanƙane, ba wanda ya san sunansu sai waɗanda suka taimaka. Masana'antar da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta yi shekaru fiye da 30 tana nuna kishiyoyi da attajirai da bokaye. Ta isa ta ɗaga labulen zaure ta bi bayan matar da aka yarda ta shiga.